Kayen Madam Cima

Ranar Asabar muka taru a Garin Malam,
mu talatin da huɗu, cikin ajin zana
inda iska ke shiga ba sallama.
Ba sufeto, ba babban baƙo, ba kujera mai laushi.
Mu ne dai, masu alli a bakin hannun riga,
muka ce bana da bakinmu za mu yabi namu.

Kowa ya zuba dala ɗari.
Mushe Kyari ya ce a bi shi bashi sai albashi ya sauka.
Badukun Birni ya ɗinka mana jaka ja,
bakinta kore, tana warin majema har yanzu.

Ƙuri'a ƙwallon dabino ce, ƙwarya uku a bayan allo.
Ɗaya ta Illiyasu, mai juya lemu gaban fitila
har yara su ga inda dare ke fitowa.
Ɗaya ta Habsu, mai aiken yara wurin kakanni
su kwaso tatsuniya su rubuta.
Ta ukun ta Cima ce, ko in ce ta kayenta.

Kayen nan bangonsa ya tafi tuntuni,
da robar taya ake ɗaure shi.
Ya kwana a Zango, ya yi sati a Kara-Kara,
ya hau motar kasuwa zuwa Mirriya,
ya dawo da tabon miya
da rubutun mutum bakwai a gefen shafi.
Ciki akwai yadda yara tamanin ke koyon rabawa
da marafan kwalba, bulala na rataye tana barci.
Akwai yadda mai in'ina ke ƙwanƙwasa tebur da yatsa
har kalma ta fito masa da ƙafarta.
Ba ta taɓa tambayar wa ya ɗauka ba.

Ni na ɗauka.
Bara waccan sufeto ya shigo ajina,
ya ga marafai sun jeru biyar-biyar a ƙasa,
ya ce, wa ya koya maka wannan?
Na ce, dare nake rabawa ina tunani.
Ya rubuta, ya sa hannu, ya yaba ni gaban direkta.
Maganar ta iske ta a kasuwar Dole tana tayin albasa.
Washegari yaro ya kawo mini shafi biyu:
in sun wuce sittin, raba su gida huɗu, ya fi sauƙi.
Ko gaisuwa mai ƙaya ba ta haɗa da shi ba.

Da na zaga bayan allo,
ƙwallon nan ya yi mini nauyin dutsen Birni.
Na sake shi. Ƙwas.
Na ji kamar duk ajin ya ji.

Sha tara muka ƙirga, muka waiga, babu ita.
Ashe ruwa ya zo famfo bayan kwana shida,
ta tsaya cika jarka.
Ta iso da gefen zane jiƙe, tana ba da haƙuri,
ta ɗauka taron neman albashi ne.

Ta juya jakar, ta shinshina, ta yi dariya.
Ta ce, kayen nan dama ya gaji da roba.
Ta zura shi ciki, ta miƙa wa Laminu,
yaron da aka tura wani ƙauye bayan Tanut,
ta ce, bayan damina ka maido,
amma shafukan da na bari fari, kada su dawo fari.

Ana tafi, ana raba shayi,
na ce Laminu ya ara mini jakar kaɗan.
Shafin farko babu suna, ya tafi tare da bango.
Na ciro bik, na rubuta nata,
manyan baƙaƙe, yadda nake yi wa 'yan ajin farko.
A ƙasa na sa nawa, ƙanana,
cikin layin waɗanda suka ara.