Kwana Ashirin da Takwas

Arzika ya dawo kiwo da hula a hannu,
rana ta gasa masa ƙeya.
Ƙwai tara a ciki, masu ɗigo-ɗigo, da sauran ɗuminsu.
Ya ce gindin sabara ya tsince su,
inda hanyar Achida ke gangarawa fadama.
Na ce, ɗan nema, ka kwashe wa zabuwar daji gida.
Ya ce, Baba, in ban ɗauka ba, tunku na ɗauka.

Wake-wake na kwanci a lokacin, bayan rumbu,
cikin fasasshiyar tukunyar da Tumba ta yar.
Da dare muka zare nata, muka jera mata na wata.
Ta sare ni a yatsa. Har yau da tabon.

Kaza ta san lissafinta: mako uku, sai tsaki.
Mako uku ya cika, shiru.
Ta sauko ta sha ruwa a kasko,
ta dubi ƙwan, ta dube ni,
gashin ƙirjinta ya zube, zankonta ya koɗe.
Tumba ta ce, kwashe su, baragurbi ne,
kak ka kashe min kaza bisa ɗiyan da ba nata ba.
Ni ban kwashe ba. Ita ma ba ta tashi ba.
Mako guda ta ƙara
a kan abin da ba ta san ko mene ne ba.

Bakwai suka fito, ƙafafu jajaye,
zane a ka kamar an yi musu tsagar gado.
Kullum asuba sai in tafi bakin suri
in ɗago tukunyar da na kife da kashin shanu,
in zazzage musu gara.
Tana kira, tana kira, ba ta ci sai sun ƙoshi.
Ran da shirwa ta kawo sura ta kan turken jaki
ita ta tashi sama ta tare ta, kaza fa,
ta bar gashi uku suna lilo a iska.
Damo ya ci ɗaya a bakin rijiya.
Ɗaya ya bi raɓa cikin gero, sanyi ya gama da shi.
Saura biyar.

Sannan suka fara abin da ba ta koya musu ba:
gudu ba dalili,
kuka kamar ana wasa lauje a dutse.
Da magariba ta shiga akurki ta buɗe fiffike,
su kuwa suna can ƙololuwar bedi.
Ta fito ta tsaya a ƙasa,
wuya a karkace, ido ɗaya a sama,
har tumaki suka kwanta tuƙa, har aka kira lisha.

Ranar da muka ɗaure dammunan ƙarshe
wani garke ya yi kira daga fadama.
Biyar ɗin suka tsaya cak
kamar an ambaci sunan kakansu.
Ko waiwaye.
Arzika ya bi su har ƙaya ta tsayar da shi,
ya dawo yana ƙirga asara, dusa kaza, gara kaza.
Na ce, bashi ne muka biya,
hularka ce ta ciwo shi.

Kwana biyu Wake-wake na zagaya bedi.
Na uku ta yi birgima a toka, ta karkaɗe,
ta bi zakaran Nomau ta ƙarƙashin danga.
Yanzu ƙwai shida gare ta, farare, nata na kanta.
Jiya na miƙa hannu in gyara mata ƙaiƙayi,
ta dubi yatsan nan mai tabo, ta kumbura.
Na janye.

Da sassafe in na fita zuba wa shanu harawa
nakan tarar da sawu a bayan danga,
yatsu uku-uku, ba na kaza ba.
Tumba ta ce fakara ce.
Ban yi musu ba.
Amma ina watsa tsaba a wurin,
ta waje, inda ba ta gani.