Minti Uku

Aikina a majalisa ɗan ƙarami ne:
agogo a hagu, ƙararrawa a dama.
Kowa minti uku. In ya cika, in kaɗa.
Shekara goma sha ɗaya ina katse wa mutane hanzari,
ba wanda ya taɓa tambayar sunana.

Yau zaman jin bahasi ne a kan hayaƙi.
Ulanbatar ta wayi gari ba ta ga duwatsunta ba.
Sanyi ya zarce talatin ƙasa da sifiri,
amma dandali ya cika maƙil,
numfashi na daskarewa a gashin ido,
ana buga ƙafa, rabi don fushi,
rabi don kada yatsu su mutu.
Ta taga ina hango kwalayen da suka ɗaga.
Rubutun ba ya karantuwa. Hayaƙin ya lashe shi.

Wakilin ma'aikatar makamashi ya fara.
Ya zo da allo mai jajayen layuka masu gangarowa,
ya ce nan da shekara bakwai.
Haka wani ya ce shekara bakwai da suka wuce,
a kujerar nan, cikin irin wannan kwat.
Ya gama da ragowar daƙiƙa tara,
ya sha ruwan gora, ya zauna.

Sai Baasanjav, direban motar kwal daga Nalaikh,
baƙi ya zauna daram a tsagar tafinsa.
Ya ce: Ku hana, na ji.
To daren Janairu, me gyatumata za ta zuba a murhu?
Takardar doka?
Wani ɗan majalisa ya yi dariya,
ya ga shi kaɗai ne, ya mai da ita tari.
Na kaɗa. Ya dube ni kamar ni na ƙirƙiro hunturu.

Ta goma sha huɗu a jerin, Dulamsuren,
mai ɗinki daga tudun Chingeltei,
inda tantunan gashin tumaki ke hawa gangare
kowanne da bututunsa a kai.
Ba ta zo da takarda ba.
Ta buɗe jaka, ta fito da ƙyalle,
ta shimfiɗa shi a teburin shugaban kwamiti
ta lallashe gefensa da hannu, irin na masu sana'a.
Ta ce: Fari ne da na yanka shi.
Da shi na rufe fuskar ɗana ranar Talata
daga gida zuwa asibiti. Tafiyar minti ashirin.
A tsakiya akwai da'ira baƙa,
daidai girman bakin ɗan wata takwas.

Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba.
Ta tsaya kawai.
Ana jin ruwan ɗumama ɗaki na gudu a bututu,
ana jin dandali daga nesa kamar kogi.

Minti uku ya cika.
Hannuna na kan ƙararrawa.
Huɗu.
Shugaba ya ɗago, ya harare ni ta saman tabarau.
Na sunkuya ina gyara igiyar takalmi
wadda ba ta kwance ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo:
ni ma a tudun nake, layi biyu ƙasa da ita.

Aka ɗage zama sai bayan hutu.
Aka kafa ƙaramin kwamiti.
Ƙyallen, magatakarda ya rasa inda zai sa shi,
ya naɗe, ya cusa a fayil.

Da dare na isa gida, ’yata na barci, ƙirjinta na kuka.
Ruwan bokiti ya zama dutse.
Na durƙusa gaban murhu, na daɗe a durƙushe.
Sannan na ɗebi kwal, na zuba.