Tuƙar Rake, Aikin Dare

Ƙarfe goma nake karɓar aiki
a masana'antar da ke bayan Piracicaba,
inda kogi ke wucewa bai kula mu ba.
Odair ya miƙo mini littafin ma'auni
da rabin kofin gahawa da ta huce,
ya ce, "Neuza, tukunya ta biyu tana tari."

Abin da muke dafawa ba na ci ba ne.
Tuƙa ce, wadda injin matsa ya tauna ya tofar,
da ganyen raken da aka sharo daga gona.
An shanye zaƙinta tun da rana,
ga ta tsibi guda, ta ɗara rufin coci,
amma masu farar riga sun rantse
akwai sauran sukari a ciki, a kulle.

Kullen kuwa ba na wasa ba.
Zare ne siriri, jere kamar saƙa,
an yaɓe shi da wani danƙo mai taurin kai.
Danƙon da ya tsayar da rake gaban iska
shi ne yau ya hana ni barci.

Sai mu jiƙa ta, mu ɗiga mata asid,
mu cusa ta a tukunyar ƙarfe, mu toshe,
mu sako tururi har allurar ma'auni ta hau rawa.
Minti takwas. Wani daren tara.
Sannan a buɗe bakin farat ɗaya,
ta fito da ƙara kamar an fasa dutse,
ja wur zuwa baƙi, laushi tuɓus,
tana ƙaurin alewar da ta kama a wuta.

Nan hannu ke bambanta da hannu.
Ka yi gaggawa, ƙofa ba ta buɗu ba,
ruwan narkarwa mai tsadar tsiya
ya zagaya banza ya rasa mashiga.
Ka daɗe, sukari ya ƙone ya koma dafi,
yisti ya sha ya mace a randa,
da safe Marilza ta ɗakin gwaji
ta zo da kwalba, ba ta ce uffan,
ta dube ni kawai ta saman tabarau.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Ba a gaya mana dutsen na cin tukunya ba.
Yashin gona yana biyo ganye a ɓoye,
ya gaigaye haƙoran injin turawa.
Ƙarfe uku ya cije, ya tsaya cak.
Ni da Cleiton muka kwance shi da sifana,
muna kwasar tuƙa mai zafi da shebur,
yaron yana zagin uwar rairayi.

Ubana Valdomiro, shekara talatin yana saran rake,
zamanin da ake cinna wa gona wuta kafin yanka.
Yakan dawo baƙi ƙirin, ido kaɗai ke fari,
toka na sauka kan shanyar mahaifiyata.
Ranar da na ce masa ganyen nan
yanzu man mota ake yi da shi,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ashe dukiya muka yi ta ƙonawa,
muna shaƙarta kyauta."

Biyar da rabi injin ya tashi.
Na damƙi na farko a safar hannu,
na murza, ya baje kamar jiƙaƙƙiyar takarda.
Na rubuta: ya yi.

A hanyar gida na tsaya gidan mai,
aka zuba wa babur ɗina lita huɗu,
fari tas, babu alamar ɗigon da ya bi ta hannuna.
'Yata tana ɗaura takalmin makaranta,
ta shinshina rigata, ta yamutsa fuska,
ta ce, "Mama, kin sake ƙona alewa."