Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A cikin kabad nake ɗaukar murya,
tsakanin rigunan sanyin mahaifiyata,
don ulu yana shanye amsa-kuwwa.
A waje Tallinn ta yi duhu tun kafin ƙarfe huɗu,
dusar ƙanƙara na sauka ba sallama.

Baƙona na yau Aivar ne.
Shekara talatin yana rubuta manhajar
da ke sayar da tikitin jirgin ruwa zuwa tsibirai.
Ya zauna kan akwati, gwiwa na taɓa haɓa,
ya ce, "Piret, ni ban iya labari ba.
Ƙwari nake kamawa a cikin rubutu."
Na ce, "Yi magana dai, makirfo ba ya cizo."

Ya daɗe yana kewaye-kewaye:
daren da na'ura ta sayar da kujera ɗaya ga mutum tara,
kofin da ya zubar kan madannai,
shugaban da ke kiran taro don a tsara wani taron.
Na yi dariya inda ya kamata.

Sai ya ce, "Akwai wani layi.
Kwamfuta ba ta karanta shi, tsallakewa take yi,
don mutane aka rubuta.
Endel ne ya bar shi, abokin teburina:
*Kada kowa ya taɓa nan. Zan gyara ranar Litinin.*
Ranar Lahadi zuciyarsa ta tsaya
yana tsaka da faskaren itace."

"Shekara goma sha tara ke nan.
Duk yaron da aka ɗauka aiki
sai ya zo ya ce, wannan shara ce, in goge?
In ce masa, bari tukuna,
Litinin ba ta yi ba."

Daga nan ya yi shiru.

Yanzu dare ya raba, ina gaban allo ni kaɗai.
Muryarsa ta zama duwatsu da kwari, kore-kore,
shirun kuma fili ne shimfiɗe,
daƙiƙa goma sha ɗaya cif.
Masana sun ce a yanke duk abin da ya wuce uku,
mai sauraro a tarago ba ya da haƙuri,
zai zaci batir ne ya mutu.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
To, sana'ata ba ta da fuska.
Abin da nake da shi ke nan:
ƙarar akwati da ya gyara zama,
haɗiyar yawu,
hannun riga da ya goga wani wuri.

Na ɗora kibiya a kan filin.
Na shata shi, ya yi shuɗi.
Yatsana na bisa maɓallin gogewa,
shayina ya huce.

Na ɗauke hannu.
A gefen fayil na rubuta wa Kaarel, mai tace sauti:
*Kada ka taɓa nan.*
Ban sa rana ba.