A Kan Kwano a Ƙofar Doka

Tun hantsi nake kan kwanon ɗakin shan magani,
takardar kwangila a aljihu, gumi ya cinye rabinta.
Layi na bakwai bai goge ba:
faifan sola, sai na gida.

Barau ya miƙo min na farko daga tsani.
Na juya shi ina dubawa kamar mai cinikin rago.
Hatimi dai namu ne,
ƙarfen gefen a Kwangila aka ɗaure shi,
amma ƙwayoyin nan masu shuɗin baba
sun sha iskar teku kafin su ga Kubanni.
To ɗan wa ke nan,
wadda ta haifa ko wadda ta goya?

Alhaji Mamuda na Sabon Gari
yana da ɗari biyu na waje a sito.
Da bashi ya shigo da su bara,
yau gizo-gizo ne ke haya a kansu.
Ya ce min, naka ya ɗara nawa da dubu goma sha biyu,
kuma ba wanda ya san damina nawa zai gani.
Ban musa ba.

Sai dai ƙanwata Lantana,
da ta gama kwaleji ta shekara huɗu tana ɗinkin hula,
ita ke riƙe da dalma a wancan shagon yanzu.
Na san hannunta: ɗigo ƙanana a jere,
irin aikin da Inna ke yi wa wuyan riga.
Ran albashin farko ta biya kuɗin awo,
ta hana kowa magana.

Daga ƙasa unguwarzoma Asabe ta ɗaga murya:
"Malam, ba ruwana da garin da aka haife shi.
Firjin rigakafi ya ɗume tun Talata.
Jiya da fitilar waya na yanke cibiya."

Na ɗaure noti huɗu, na haɗa ja da baƙi.
Rana ta miƙe tana neman Kufena,
ba ta tambayi takardar kwastan ba,
ta sauka kan faifan
yadda take sauka kan shanyar barkono.

Can ciki firji ya yi tari, ya kama gurnani.
Barau ya ce saura biyar.
Na ce miƙo,
amma ware wancan na gefe, kusurwarsa ta karkace.
In mun sauka zan kai wa Lantana ta gani.