Gawo da Tagwaye

Kawu Moɗi ya daɗe yana faɗa
a gindin darbejiyar ƙofar gidansa a Acida:
akuyar da ta ci 'ya'yan gawo, tagwaye take haifa.
Ba wanda ya taɓa musa masa.
Ba kuma wanda ya taɓa ƙirgawa.

Na dawo hutu daga Dundaye
da littafi mai layi-layi
da biron da na tauna wa gindi a zauren jarrabawa.
Kwana tara ina bin turaku gida-gida,
kashin awaki manne da takalmina,
mata na leƙe ta ramin zana:
"Kulu ɗiyar Inno ta koma karɓar jangali?"
Wata ta kulle uku a ɗakin girki,
sai da na rantse, sai da ɗaya ta yi kuka ta tona asiri.

Jar akuya ɗari cif na rubuta.
Sittin suna kiwo ƙarƙashin gawo, can gefen fadama,
arba'in sai dusa da harawa.
Na ja layi a tsaye, na ja a kwance,
ɗaki huɗu, kamar ramukan dara.
Masu cin gawo: talatin da shida sun yi tagwaye,
ashirin da huɗu ɗai-ɗai.
Marasa ci: sha huɗu tagwaye,
ashirin da shida tilo.

Kawu ya gyara zama bisa buzu.
"Mine ne sunan lissahin ga naki?"
Na ce, kai-sukwaya.
Ya shafa hularsa. "Kan wa?"

Na ce, Kawu, ka yi haƙuri,
wannan lissafi da ƙaryata dattijo yake farawa.
Sai mu ce gawo da tagwaye ba su san juna ba,
kamar baƙi biyu a tashar mota.
In haka ne, tunda rabin ɗarin ne suka yi tagwaye,
rabin sittin za mu zata, talatin ke nan,
rabin arba'in kuma ashirin.
Ga zato, ga abin da ido ya gani,
kowane ɗaki ya goce da shida.
Shida sau shida, a raba da zaton ɗakin,
a tara huɗun wuri guda
kamar mai tallar nono tana haɗa cinikin yamma:
shida ya fito.

A bayan littafinmu akwai iyaka,
uku da ɗigo takwas da huɗu.
Dace shi kaɗai, in ba dangantaka,
sau biyar cikin ɗari yake tsallake ta.
Shida ya tsallake, bai ko taɓa shingen ba.

Kawu ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Kwana tara kinka sha rana
don ki hwaɗa mini abin da nis sani tun ba a haihi uwarki ba!"

Na ce, a hankali.
Lissafi ya ce ya gan su tare a hanya,
bai ce wannan ne ya haifi wancan ba.
Kura da wata ma suna fita lokaci guda.

Sai Arzika mai gyaran famfo,
wanda tun ɗazu yake kankare rake bai ce uffan ba,
ya tofar da ɓawo ya ce:
"Bunsuruna hwa?
Shekara ukku ba ya kwana gida.
Gindin gawo yake wuni.
Shi tagwai ne, ubanai ma tagwai."

Shiru.
Wata akuya ta miƙo wuya tana ɗanɗana gefen littafina.
Kawu ya dubi fadama, ya dubi Arzika,
ya ce magariba ta gabato, a kawo buta.

Na ƙwace littafin daga bakin akuya,
na buɗe shafin da bai jiƙe ba,
na ja sabon layi a tsaye,
na rubuta a samansa: uba.
Saura kwana huɗu hutu ya ƙare.