Buhun Gwaggo Ladingo

Ranar addu'ar bakwai aka raba kaya.
Tukwane suka nufi Gyallesu,
gadon ƙarfe ya hau kura zuwa Tudun Wada,
ni kuwa aka ce: tunda a Shika kake aiki,
kai ne mai ba da ƙwaya ta taga,
ɗauki buhun.

Tsohon buhun taki ne, an ɗaure bakinsa da tsumman zane.
Na kwance shi bayan la'asar,
ƙamshi ya taso
kamar ta yi gyaran murya a ɗaka.

Wannan sassaƙen marke ne, na gane shi,
shi ta dafa min shekarar da tarina ya hana Kwarbai barci.
Wannan maɗaci ne, harshena ya shaida kafin idona.
Ga sabara, ga bagaruwa, ga ɓawon hano,
ga jar kanwa a ƙulle cikin leda.
Sauran fa?
Saiwa goma sha ɗaya, kowacce ta yi shiru,
kamar baƙin da suka zo gaisuwa
ba wanda ya san ta ina aka haɗa dangi.

Sau nawa na ce, Gwaggo, bari in rubuta.
Sai ta ƙwanƙwasa goshi da ɗan yatsa:
"Takardata tana nan, gara ba ta cin ta."
Gara ba ta ci ba, Gwaggo.
Ƙasa ce ta ci.

Amma kada in ɗora mata duka.
Asuba nawa ta tashe ni,
"Zo ka riƙe min gatari, za ni Kufena,"
na ja bargo, na ce ina da jarrabawa.
Sau ɗaya tak na bi ta.
Na ga ta yi wa itace sallama kafin ta sara,
ta ɗebi gefen gabas kaɗai,
ta shafe raunin da taɓo,
ta ce, "Gobe ma muna so."
Makon jiya na koma wurin.
Kututture na tarar, da toka, da buhunan gawayi,
da harsashin gidan wani.

Daren Laraba aka buga ƙofa.
Hansai ce daga Limancin Kona, goye da jariri,
ba ta ma ji rasuwar ba.
Da ta gama salati ta share ido ta kwance goyo:
ƙwayar idon yaron kamar gwaiduwa.
"Ba ni wadda ta ba wansa, mai jan cikin nan."

Na zazzage buhu.
Masu jan ciki uku ne.

Hannuna ya tsaya a kansu
har ladan ya gama kiran lisha.
Sai na tuna yadda take tura wasu da hannu biyu:
"Wannan ba nawa ba ne, na Shika ne, ku yi sauri."
Ita da ta san awo ke nan,
bare ni da ban san ko suna ba.

Na tare mai keke a Babban Dodo.
Kwana huɗu yaron ya yi ƙarƙashin shuɗiyar fitila,
ranar na biyar ya kama nono da ƙarfi.
Hansai ta yi godiya,
amma ta ce da Gwaggo na nan da ba a kai ga haka ba.
Ban yi musu ba. Ban sani ba.

Na kai saiwoyin wurin Malam Tanimu a kasuwar Birni.
Ya sansana, ya ɗan tauna, ya tofar,
ya faɗi sunan huɗu.
"Sauran nata ne," in ji shi, "ko ni ba ta gaya wa ba."

Yanzu kowacce na liƙa mata takarda
irin wadda muke liƙa wa kwalba a asibiti.
Bakwai daga ciki rubutu ɗaya gare su,
da hannuna, da jan biro:
ban tambaya ba.

Buhun yana ƙarƙashin gadona.
In hadari ya haɗo daga gabas
ɗakin duk sai ya ɗauki ƙamshinta,
matata ta ce in fitar da shi zaure,
in ce mata gobe.